Darasi ɗaya, ƙofofi da yawa: yadda za ka koyar da aji mai yara 70 ba tare da ka bar rabinsu a baya ba

Kusan kowane aji a garin nan na Jos akwai yaron da an riga an yanke masa hukunci, an ce daƙiƙi ne, an tura shi bencin baya, amma da an tashi daga makaranta shi ne zai wuce Farin Gada ya zauna a rumfar babansa, ya lissafa kuɗin buhun kabeji da kwandon tumatir da kai, ya ba da canji ba tare da ya taɓa biro ba. Ko kuma ka same shi a Dilimi ya kwance kaburetan janareta ya mayar. Toh wannan yaron a ce ba shi da ƙwaƙwalwa? Wannan jagorar ta malaman firamare da ƙaramar sakandare ce, musamman mu da ajinmu ya cika ya batse, kuma ba wani kayan aiki sai alli da allo.

Inda maganar ta samo asali

A shekarar 1983 wani masanin halayyar ɗan Adam na jami'ar Harvard a Amurka, Howard Gardner, ya fitar da littafi mai suna Frames of Mind, a ciki ya ce basira ba abu ɗaya ba ce da za a auna da lamba ɗaya kaman yadda ake yi da gwajin auna basira na IQ, wanda asalinsa daga aikin Alfred Binet da Théodore Simon ne a Faransa a 1905. Gardner ya yi aiki da mutanen da suka samu rauni a ƙwaƙwalwa, ya ga mutum zai iya rasa magana amma waƙa na nan a bakinsa, wani kuma ya rasa gane hanya amma lissafinsa lafiya lau. Daga irin wannan ya lissafa kala 7: basirar harshe, ta lissafi da bin hujja, ta gane siffa da wuri irin na mai zane ko mai karanta taswira, ta jiki da hannu, ta kiɗa da sauti, ta iya zama da mutane, da ta sanin kai. A tsakiyar shekarun 1990 ya ƙara ta 8, wato gane halittu, tsirrai, dabbobi, yanayi, irin ta yaron da ya tashi a gonar dankalin turawa a Bokkos yana kallon ganye ya san cuta ta shiga.

Amma kafin ka ɗauka da zafi, ka san abu biyu. Na ɗaya, masana da yawa ba su yarda waɗannan basirori ne masu zaman kansu ba, suna cewa gwaje-gwaje na nuna yawanci suna tafiya tare, kuma ra'ayin bai samu hujjar gwaji mai ƙarfi ba. Na biyu, kuma wannan ya fi muhimmanci gare mu, akwai wani abu da ake yawan cakuɗawa da shi a bitocin malamai, wai kowane yaro yana da salon koyo nasa, wannan na ido ne, wancan na kunne, sai a koya wa kowa ta salonsa kaɗai. A 2008 Harold Pashler da abokan aikinsa sun bi diddigin binciken da aka yi a kan haka, ba su samu hujjar da ta isa a gina koyarwa a kai ba. Shi kansa Gardner ya rubuta a jaridar Washington Post a 2013 cewa a daina haɗa ra'ayinsa da wannan maganar salo. Shawarar da ya bayar ita ce ka san yaranka ɗaya bayan ɗaya gwargwadon iko, kuma duk wani abu mai muhimmanci ka koyar da shi ta hanyoyi da yawa. Ni a nan na tsaya, kuma duk abin da zai biyo baya a kan wannan yake. Ba raba yara gida-gida za mu yi ba, darasin ne za mu buɗe wa ƙofofi, kowa ya bi ta dukkansu.

Matakin farko: ka zuba ido kafin ka canza komai

Kar ka kwafo takardar tambayoyi daga intanet ka raba musu, irin "kana son waƙa? ee ko a'a", yaro zai cika abin da yake zaton malam na so ne kawai. Ka samu ƙaramin littafi, ka bi rajista, kullum ka zaɓi yara 5 ka lura da su, a aji mai 70 cikin sati 3 na makaranta ka zagaye kowa. Layi ɗaya ya isa ga kowane yaro.

Inda za ka fi ganin gaskiya shi ne lokacin tara da kuma lokacin da suke maka rashin ji. Wanda ke buga benci da yatsu kullum, wadda bayan littafinta ya cika da zanen ɗinkin riga, wanda ba ya iya zama minti 10 sai ya miƙe, wadda duk faɗan da ya tashi a aji ita ke raba shi tun kafin monita ya rubuta suna, wanda ya kawo hawainiya a gwangwani, dukkansu suna gaya maka wani abu ne. A filin wasa kuma ka ga waye ke tsara langa, waye ke cinye kowa a dara, wace ce ke ba da waƙa a gaɗa sauran na amshi. Ka tambayi iyaye in sun zo, "Baba, me yake yi a gida da ba sai an sa shi ba?" Amsar da za ka ji wani lokacin sai ka riƙe baki.

Littafin nan naka ne kai kaɗai. Kar ka taɓa cewa a gaban aji "kai ai na hannu ne, ba na karatu ba", wallahi wannan ya fi kiransa daƙiƙi illa, don ya samu uzurin da zai daina ƙoƙari kenan har da sa hannun malam.

A wannan zagayen ne kuma za ka gano waɗanda matsalarsu ba ta basira ba ce sam. Yaron da ke ƙanƙance ido yana kallon allo, wanda sai ka maimaita sau biyu kafin ya juyo, wanda ke zuwa da cikin wofi a sanyin hunturun Jos ba ko suwaita, wanda a gida Berom ko Ngas ko Fulatanci yake ji Turancin kuma bai zauna ba, da wanda ya kai aji 5 bai iya haɗa baƙi ba. Waɗannan ka dawo da su gaba, ka yi magana da iyaye da hedimasta, wanda bai iya karatu ba kuma babu wata waƙa ko wasa da zai maye gurbin zama da shi a kan haruffa.

Mataki na biyu: ka tsayar da abu ɗaya da kake so su iya

Ka duba sikim ɗinka na sati, wanda aka ciro daga manhajar NERDC, wato hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, ka rubuta jimla ɗaya tak: a ƙarshen darasin nan yaro zai iya kaza. "Za su fahimci ɓangarorin lamba" ba jimla ba ce da za ka iya aunawa. "Za su iya haɗa 1/2 da 1/3 su faɗi dalilin amsar" ita ce. Duk wasan da ka ƙirƙiro daga baya, in bai kai ga wannan jimlar ba, ka jefar da shi ko da ya yi daɗi.

Sannan kar ka ce sai ka cusa duka basirori 8 ɗin nan na Gardner a minti 40. Biyu ko uku sun isa a darasi ɗaya, sauran su zagayo cikin sati. Wani darasin ma da kansa yake zaɓar hanyarsa, taswira sai an gani, furuci sai an ji, ɗaurin igiya sai an taɓa.

Mataki na uku: ga yadda darasin yake a zahiri

Bari mu ɗauki wancan lissafin, 1/2 + 1/3, a aji 5 ko JSS 1, don nan ne yara da yawa ke fara tsanar lissafi. Amsar da rabin aji za su ba ka ita ce 2/5, sun haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Kar ka ce musu kuskure ne tukuna, rubuta ta a gefen allo ka bar ta.

Minti 5 na farko labari ne. Wata mata ta auno masara a Katako, ta ba maƙwabciyarta rabin mudu, ta ba ƙanwarta kashi ɗaya cikin uku na mudu, nawa ya fita daga hannunta? Ka tambaye su da Hausa, ka bar su su yi gardama. Waɗanda ke zuwa Islamiyya suka fara taɓa rabon gado za su ce maka sulusi, wasu ma har rubu'i da sumuni sun sani, sai ka ga yaron da bai taɓa ɗaga hannu ba ya miƙe zaune don an shigo filinsa.

Minti 10 na gaba, ka kira yara 12 gaban aji, ka tabbata 'yan bencin baya na ciki. Ka ce rabinsu su tsuguna, aji zai ƙirga 6. Su miƙe. Kashi ɗaya cikin uku su tsuguna, sai an ɗan yi hayaniya kafin su raba kansu gida 3 su gane 4 ne. Yanzu ka ce rabi su tsuguna, sannan kashi ɗaya cikin uku na duka 12 ɗin su bi su. Mutum nawa ke ƙasa? 10. Cikin nawa? 12. Ka sa su riƙe hannu bibbiyu, za a ga tagwaye 6, guda 5 na tsugune, wato 5/6. Daga nan ka nuna 2/5 ɗin da ke gefen allo ka ce, in mutum 10 ne, 2/5 ɗinsu nawa kenan? 4. Ya kai rabi? Bai kai ba. Toh ta yaya za ka ɗauki rabi ka ƙara wani abu a kai, amsar ta fito ƙasa da rabi? Ka yi shiru a nan, ka bar su da tambayar, kar ka yi saurin amsa musu, wannan shirun shi ne darasin masu son bin hujja, kuma galibi ɗaya daga cikinsu ne zai fashe da "kai, ba zai yiwu ba malam".

Me ya sa 12? Don rabi da sulusi da kwata duk suna raba ta ba saura, 6 da 4 da 3. Ka tambaye su ko da mutum 6 za a iya, su gwada, za su ga 3 da 2 ne, 5 cikin 6. Sun gano abin da littafi ke kira LCM, wato mafi ƙanƙantar lambar da 2 da 3 duk ke rabawa ba saura, da ƙafafunsu tun kafin ka ambaci sunan.

Minti 8 na zane. Kowa ya ja dogon akwati a littafinsa ya raba shi gida 6, ya cike 3 da biro, ya ɗiɗɗiga 2 da fensir. Wanda ya gama ya duba na maƙwabcinsa ya yi masa bayani da bakinsa, a yaren da suka ga dama. In kana da sauran lokaci, tafi ma na aiki: a ƙirga 1 zuwa 6, layin dama su tafa a 3 na farko, layin hagu a 2 na gaba, a ga bugu ɗaya ne ya rage shiru. 'Yan kwaya na coci da masu waƙen Islamiyya nan take za su kama.

Sauran lokacin, kuma wannan ba a taɓa shi ko me ya faru, rubutu ne, kowa shi kaɗai, shiru, da Turancin da jarrabawa za ta zo da shi. Ka nuna matakan a allo sau ɗaya, 3/6 + 2/6 = 5/6, ka goge, ka ba su guda 4 su yi: 1/2 + 1/4, 1/3 + 1/4, 2/3 + 1/6, da ɗaya na labari. Dalili kuwa a fili yake, ranar BECE, jarrabawar ƙarshen JSS 3, daga baya WAEC da NECO, ba wanda zai ba yaro mutum 12 ya jera, takarda ce da biro. Malamin da ya tsaya a wasa bai kai su ga takarda ba ya nishaɗantar da su ne kawai. A layin ƙarshe kowa ya rubuta abu ɗaya da har yanzu bai gane ba, wannan ɗan layin shi ke koya wa yaro duba kansa, kai kuma shi zai gaya maka inda za ka fara gobe.

A sauran darussa

Kimiyya ta fi sauƙi, don garin kansa ɗakin gwaji ne. Zaizayar ƙasa misali: faranti biyu ko murfin bokiti, ɗaya ƙasa tsirara, ɗaya ka yanko da ciyawarsa, ka jingina su a dutse su karkata, yaro ya zuba ruwa daidai wa daida da gwangwanin da aka huda, a tari abin da ya gangaro a roba mai haske a gwada launin. Sai ka haɗa da abin da suke gani kullum, tudun ƙasa da kududdufan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa a farkon shekarun 1900, wajen Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi. Wasu su zana, wasu su auna ruwan, wasu su tambayo kakanninsu a gida yadda wurin yake a da, kowa kuma ya rubuta sakin layi ɗaya. Amma don Allah kar ka kwashi yara zuwa bakin kududdufi, suna da zurfi kuma suna cin mutane, hoto a waya ya wadatar.

Turanci kuma, kasuwa a cikin aji, mai saye da mai sayarwa, sannan a rubuta hirar. Tarihi, a yi wasan kwaikwayo na minti 5, ko in makaranta za ta iya a kai su gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952 su ga gumakan Nok da idonsu. Waƙa tana da kyau wajen haddace jeri, watanni, jihohi, jadawalin sau, amma ka sani haddacewa ce kawai take bayarwa, yaro zai rera maka jadawalin 7 tsaf ka tambaye shi 7 sau 8 a tsakiya sai ya koma farko. Don haka bayan waƙa ka riƙa tsinko tambaya a barkatai.

Mataki na huɗu: rukuni, da maganar hayaniya

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 40 a babbar sakandare, mu dai mun san abin da ke ƙasa. A aji mai 70 ko 80 ba ka da filin juya benci, kar ma ka gwada, minti 10 zai tafi a jan katako. 'Yan bencin gaba su juya su fuskanci na bayansu, shikenan rukuni ya haɗu, mutum 6 zuwa 8. Ka gauraya su, kar ka tara masu zane wuri ɗaya masu surutu wuri ɗaya. Kowa da aikinsa, mai rubutu, mai zane, mai kula da lokaci, mai bayani, kuma aikin ya riƙa juyawa duk sati, wadda ta iya magana ita ma wata rana ta riƙe fensir, mai zanen nan kuma dole wata rana ya tsaya gaban aji ko da muryarsa na rawa. Wanda zai yi bayani kai za ka zaɓa a ƙarshe ba su ba, in ba haka ba yaro ɗaya zai yi aikin sauran su yi hira.

Hayaniya za a yi, babu makawa, musamman in ajinku da na kusa falanki ne ya raba. Ka sanar da malamin da ke gefe tun da safe, ka koya wa yara alamar shiru ɗaya, tafi uku su amsa da biyu misali, ku yi ta gwadawa har ta zauna kafin ranar da za ka buƙace ta. Abin da zai yi ƙara sosai ku fita gindin bishiya. Hedimasta ko firinsifal kuma, ka rubuta komai a lesin not ɗinka ƙarƙashin ayyukan ɗalibai, da minti-minti, in ya leƙo ya ga yara a tsugune ya san ba wasa kuke ba.

Mataki na biyar: maki

Jarrabawar ƙarshen zango ka bar ta yadda take. Inda kake da 'yanci shi ne makin C.A., nan za ka iya ware kaso ɗaya, a ce maki 10, na aikin da yaro zai zaɓi yadda zai nuna abin da ya koya, zane mai bayani, abin da ya ƙera da kwali ko kara ko laka, waƙa, gajeren jawabi, ko rubutu. Sharaɗin shi ne ma'aunin ɗaya ne ga kowa kuma ka rubuta shi a allo tun farko: gaskiyar bayani 5, iya amsa tambayar malam a kai 3, tsafta da kammalawa 2. Ka lura cewa kyan aikin ba shi da kaso mai yawa, don in ba haka ba yaron da babansa ya saya masa kwali mai ƙyalli a Terminus zai doke wanda ya fahimci darasin ya yi nasa da bayan kalanda. Tambayar baki ɗin nan kuma ita ke tona aikin da yayan yaro ya yi masa a gida.

Ta yaya za ka san abin na aiki? Ba da yawan dariyar aji ba. Bayan sati ɗaya, ba sanarwa, ka ba su tambaya 5 a kan darasin da ya wuce, littafi a rufe. Wasu masana biyu, Roediger da Karpicke, sun nuna a 2006 cewa ƙoƙarin tuno abu da kai ya fi sake karanta shi sa abin ya daɗe a ƙwaƙwalwa, don haka ɗan tes ɗin kansa koyarwa ne. Ka ware takardun yara 10 da suka fi rauni ka duba su daban, su ne ma'auninka. In sun motsa, ka riƙe hanyar. In ba su motsa ba, ka duba ko wasan ya cinye lokacin rubutu, yawanci nan matsalar take, sai ka rage wasan ka ƙara misalai a allo.

Kar ka ce duk darussan sati za ka yi haka, ga makin littattafai ga rajista ga lesin na yamma da yawancinmu ke yi don albashi ya kai wata. Ka zaɓi darasi ɗaya a sati, wanda ka san duk shekara nan yara ke faɗuwa, ka gina shi da kyau, ka adana takardar da kayan a kwali ɗaya a ofishin malamai da sunan darasin a jiki. Murafun kwalba, tsinken tsintsiya, tsofaffin kalanda, gwangwanin madara, ka sa yara su kawo, monita ya ƙirga ya rubuta. In ku biyu ko uku ne ke ɗaukar aji ɗaya a makarantar, ku raba, kowa ya gina nasa ku yi musaya, zangon da ke tafe sai ku ɗora wasu a kai.